Kuɗin Laraba Da Kuɗin Gwamnati: Makarantar Wa Ce A Ƙasar Gobir?

Duk lokacin da aka zauna taron ilimi a Sakkwato ko Kaduna ko Abuja, aka kuma gangaro kan gabashin Jihar Sakkwato, akwai maganar da ba ta ɓacewa daga bakin masu jawabi, wato wai mutanen karkara, musamman na yankin Sabon Birni da Isa, ba su son karatun boko, saboda haka abin da ya rage shi ne a ƙara wayar musu da kai. Da an faɗi haka sai a ware kuɗin gangami, a buga riguna da huluna, a tara dagatai da masu unguwanni a yi musu huɗuba, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Baɗi a sake. Ni dai na daɗe ina ganin wannan magana ta zama mafakar waɗanda alhakin ya rataya a wuyansu, domin ta fi sauƙin faɗi a kan a tsaya a bi sawun kuɗin makaranta, a kuma duba halin da malamin ƙauye yake ciki. Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ita ce: ilimi ne Bagobiri ya ƙi, ko kuwa makarantar da aka kai masa ce ta kasa gamsar da shi?

Wanda ya san tarihi ba zai yi saurin jingina wa wannan ƙasa ƙin karatu ba. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta yau. A ƙasar Gobir aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, a cikinta ya kafa makarantarsa ta Ɗagel, kuma da ƙarfin ilimi ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya nemi a sassauta wa talakawa haraji, a kuma bar shi ya yi wa'azi. Bayan jihadi, 'yarsa Nana Asma'u ta shirya tsarin 'Yan Taru, inda matan ƙauyuka kan yi tafiyar kwanaki a ƙarƙashin jagorancin jajinsu don ɗaukar karatu, suna ɗauke da ɗan abin da suka noma ko suka tatsa a matsayin kyauta ga makarantar. Babu baitulmalin da ya biya su kuɗin hanya. Gobirawan da suka sake haɗa kansu a Tsibiri, da waɗanda suka bi Ɗan Halima suka kafa Sabon Birni daga baya, duk da allunansu da malamansu suka yi ƙaura.

Wannan al'ada ba ta mutu ba. Ko a ƙauyen da babu rijiyar burtsatse, babu ɗakin shan magani, za ka iske makarantar allo, kuma jama'a ne ke ɗauke da ita. Yaro zai kai kuɗin Laraba kowane mako. In damina ta faɗi a taya malam noma, in kaka ta yi a kai masa zakkar hatsi da dami na alheri. Ranar da yaro ya kai wata sura mai daraja a yi sadaka, ranar sauka kuwa uba ya yi yanka, ya ɗinka wa malam riga gwargwadon ƙarfinsa. Babu takardar yarjejeniya, babu mai binciken kuɗi, amma tsarin ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiya. Dalili kuwa a fili yake: malamin yana zaune cikin garin, kowa ya san ƙofar gidansa, uba yana jin karatun ɗansa da kunnensa bayan magariba, in kuma malam ya yi sakaci, gobe a ɗauke yaran a kai wa wani. Mutanen da ke cire kuɗi daga bakin tukunyarsu kowace Laraba don karatu, ba a ce da su maƙiya ilimi.

Makarantar boko kuwa ta wata ƙofa ta shigo. A zamanin En'e, umarni ake aiko wa hakimi cewa ya kawo yara kaza, shi kuma ya ɗora wa dagatai, dogarai su bi gida-gida. Masu hali suka riƙa ɓoye 'ya'yansu, ana kama na bayi da na marasa galihu. Tun daga ranar aka raɗa mata suna makarantar gwamnati, kuma har gobe haka ake kiranta. Duk da wannan mummunar shiga, sai da ta sami karɓuwa, domin jama'a sun ga amfaninta da idonsu. Sun ga ɗan talaka ya zama malamin asibiti, ya zama akawu, ya zama alƙali. Sun kuma ga irin mutanen da ke riƙe da alli: Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Alhaji Shehu Shagari ya yi shekaru yana malanta a Sakkwato da Argungu, Malam Aminu Kano ya koyar a Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A wancan zamani hedimasta a ƙauye shi ne na biyun hakimi, shi ke karanta wasiƙa, shi ke da keke, shi ake neman shawararsa a kan aure da shari'a.

To, ina aka kwana? Amsar tana cikin tarihin yadda ake biyan malamin firamare. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, an buɗe makarantu da yawa a lokaci guda, aka kuma yi gaggawar yaye malamai. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, Gwamnatin Tarayya ta zame, albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba. A 1988 aka kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa don ceto lamarin, a 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi komai, malamai suka sha baƙar wuya, a 1993 aka sake dawo da ita. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 a kan rabon arzikin ƙasa, albashin ya koma fitowa daga kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jihohi. Wato cikin shekaru ƙalilan an yi ta jefa malamin firamare daga wannan hannu zuwa wancan kamar ƙwallo, kuma a ƙarshe aka ajiye shi a hannun mafi rauni cikin matakan gwamnati uku.

Abin tunawa ne cewa a birnin Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a ranar 30 ga Satumba, 1999, lokacin da ɗan Ƙaramar Hukumar Isa, Alhaji Attahiru Bafarawa, yake gwamna. Dokar shirin ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta karɓi tallafin. Sai dai mafi yawan wannan tallafi na gine-gine ne da kujeru da littattafai. Ba a biyan albashi da shi. A nan gizo ke saƙa. Gini kwangila ne, kwangila kuwa tana da masu nema da masu rabawa, ana yanka mata ƙyalle, ana sa ta a talabijin. Malami ba kwangila ba ne, babu mai cin riba in an tura shi Tidibale ko Tsamaye. Shi ya sa matafiyi kan ga ajujuwa masu sabon fenti da sunan hukuma ɓaro-ɓaro a jikin bango, ya leƙa ciki ya tarar da malami ɗaya yana fama da aji uku, ko kuwa awaki sun sami wurin shan inuwa.

Ba za a ce Jihar Sakkwato ba ta taɓa yunƙurawa ba. A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka ba fannin kaso mai tsoka a kasafin kuɗi, aka kuma kafa kwamitin tuntuɓa a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar. Tun kafin nan jihar tana cikin shirin ilimin 'ya'ya mata da Asusun UNICEF ya gudanar da tallafin Birtaniya, wanda ya haɗa da ba iyaye mata ɗan kuɗi don su bar 'ya'yansu a aji, da ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi karatun malanta su koma garuruwansu su koyar. A Gagi ta Sakkwato kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a 2012. Niyya dai an yi ta, kuɗi ma an kashe. Amma kasafin kuɗi a takarda daban yake da abin da ke isa ajin da ke bakin iyaka, kuma duk nisan makaranta da Sakkwato, haka rabonta ke sirancewa.

Ana cikin wannan hali sai ga masifar 'yan bindiga. Daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka riƙa tsallakawa Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar gudun hijira, inda makarantar da ke gaban 'ya'yansu ta Faransanci ce. A watan Mayun 2020 aka kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Disambar wannan shekarar, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan kan iyaka, ciki har da na Isa da Sabon Birni da kwalejin fasaha ta Bafarawa. A 2021 aka katse layukan waya a yankin, a Disambar shekarar kuma aka ƙone matafiya da ransu cikin mota a kusa da Gidan Bawa. Hanyar dajin Gundumi ta zama abin tsoro, ƙauyuka da dama suka koma biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi noma ko su girbe. A Maris na 2024 aka sace almajirai 15 a Gidan Bakuso ta Ƙaramar Hukumar Gada, a Agustan shekarar kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. In basarake bai tsira ba, wa zai ga laifin malamin da ya ƙi kwana a ƙauye?

Yanzu mu sa kanmu a matsayin magidanci a irin waɗannan garuruwa. Yana da ɗa ɗan shekara goma da zai iya kiwon awaki, ya iya taya shi aiki a fadamar Rima ko ta Bunsuru. In ya tura shi makaranta ya rasa wannan hannu, ya kuma sayi riga da littafi, ga fargabar hanya. Malamin da aka rubuta sunansa a makarantar yana zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma ko a Sakkwato, sai jefi-jefi yake leƙowa. Bayan shekara shida yaron ya fito bai iya rubuta wasiƙa da Hausa ba, balle Turanci. Maƙwabcinsa kuwa da ya kai sakandare yana nan yana acaba. In wannan magidanci ya ce a'a, lissafi ya yi, kuma lissafinsa bai karkace ba. Mu da ke ofis, da za a ce mu biya kuɗi shekara shida a kan kayan da ba a kawo mana ba, da tuni mun kai ƙara kotu.

Nan ne maganar ƙungiyar malamai ta shigo, kuma ina yin ta ne da girmamawa. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, NUT, wadda aka kafa a 1931, ta girmi ƙasar da kusan shekara talatin a matsayin 'yantacciya, kuma a Arewa ma Malam Aminu Kano na cikin waɗanda suka assasa Ƙungiyar Malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Ba don ƙungiya ba, da malamin firamare bai sami ko abin da yake samu a yau ba. Yajin aikin gama-gari na 2008 ne ya tilasta wa gwamnoni amincewa da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari na alawus ɗin malanta, ko da yake jihohi da yawa sun yi shekaru suna jan ƙafa. Matsin lambarta na cikin abin da ya sa Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin sabon tsarin albashin malamai da alawus na masu aiki a karkara a ranar 5 ga Oktoba, 2020, ya kuma sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayarsu 65 a 2022.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Yawancin gwagwarmayar ƙungiyar a kan abin da ya shafi kowane malami ne bai ɗaya, wato mafi ƙarancin albashi da ƙarin girma da fansho. Malamin da ke cikin garin Sakkwato da wanda ke Gatawa ko Gebe, in matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya, alhali ɗayan yana saka ransa a tafin hannu kowace safiya. Muddin haka ne, duk mai uwa a gindin murhu zai nemi a mayar da shi birni, a bar ƙauye da wanda ba shi da kowa. Alawus ɗin karkara da aka yi alƙawari a 2020 ya cancanci a yi masa irin kumfar bakin da aka yi wa na 2008. Haka kuma ƙungiyar da ke kare haƙƙin mambobinta ya kamata ta zama ta farko wajen tsawata wa mai karɓar albashi ba ya zuwa aji, da fallasa sunayen bogi da 'yan siyasa ke cusawa a takardar albashi. Abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da gwamnati ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarabawar 'yan aji huɗu ta kuma sallame su, darasi ne: in ƙungiya ba ta share ɗakinta ba, wani zai zo ya share mata da tsintsiyar ƙaya.

Akwai kuma wani ƙalubale a gaba. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Jama'a da yawa sun yi murna, amma malamai, da suka tuna 1991, sun daɗe suna roƙon kada a bar albashinsu a hannun shugabannin ƙananan hukumomi. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin a Abuja kanta malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda majalisun yankin sun kasa biyan su mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. In haka ta faru a gaban fadar shugaban ƙasa, me ake tsammani a ƙaramar hukumar da kasuwanninta suka durƙushe, manomanta suka yi hijira?

Jama'ar gari su ma suna da nasu kason na laifi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Har yanzu ana cire yarinya daga aji huɗu a ɗora mata talla don tara kayan ɗaki. Har yanzu akan ga rufin aji ya yaye, garin da ya iya haɗa kuɗi ya gina masallacin Juma'a ya zuba ido yana jiran gwamnati shekara uku. Kwamitocin kula da makarantu da aka kafa don jama'a su sa hannu, a wurare da yawa sun tsaya a suna. Amma mafi girman laifi namu ne, mu 'yan boko na wannan yanki da makarantar gwamnati ta yi wa riga da wando. Mun kwashe 'ya'yanmu mun kai makarantun kuɗi a Sakkwato da Kaduna da Abuja, sai ranar Sallah ko ranar zaɓe muke tunawa da firamaren da ta koya mana baƙi da wasali. Makarantar da babu ɗan mai faɗa a ji a cikinta, babu mai jin kukanta.

Shawarata ba ta wuce huɗu ba. Ta farko, gwamnatin jiha da majalisar dokokinta su kafa alawus na musamman, mai kauri, ga malamin da ke kwana a inda aka tura shi a ƙananan hukumomin kan iyaka, a kuma killace albashin malaman firamare ta hanyar doka, yadda ko kuɗi ya bi ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, ba mai taɓa shi. Ta biyu, a ɗauki 'ya'yan yankin, maza da mata, a horar da su a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da sharaɗin su koma garuruwansu, domin ɗan gari ya san hanya, ya san wanda zai gaya masa in daji ya motsa, kuma kunyar iyayensa za ta hana shi guje wa aji. Ta uku, inda ƙauyuka suka watse, makaranta ta bi yara zuwa inda suka fake, a ƙara ajujuwa da malamai a garuruwan Isa da Sabon Birni da Goronyo, a yi karatun safe da na yamma, a kuma tuntuɓi malaman allo a tsara lokaci tare da su, maimakon a riƙa yi musu kallon kishiyoyi. Ta huɗu, a liƙa sunayen malaman kowace makaranta da kuɗin da aka ware mata a ƙofar hakimi da ta masallaci, a ba kwamitin iyaye ikon sa hannu a takardar halartar malamai, reshen ƙungiyar malamai na ƙaramar hukuma kuma ya zauna a wannan kwamiti.

Na san za a ce sai an sami tsaro tukuna. Babu mai musun cewa tsaro ne gaba da komai, kuma haƙƙi ne a kan Gwamnatin Tarayya da ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta duniya. Sai dai yaron da yake da shekara shida a 2019 yanzu ya wuce shekarun firamare, kuma shekarun yaro ba su jiran a gama yaƙi. Waɗanda ke ɗauke da bindiga a dajin yankin, akasarinsu matasa ne da ba su taɓa zama a aji ba, na allo ko na boko. Duk ajin da muka bari a rufe bana, muna tara wa kanmu abin da za mu girba nan da shekara goma.

Bagobiri ya nuna, tun daga Ɗagel har zuwa yau, cewa yana biyan kuɗin karatun da ya yarda da shi. Ranar da ya ga malamin boko yana kwana a garinsu, ya ji ɗansa yana karanta masa takardar asibiti, ya kuma san yana da bakin magana in abu ya karkace, ba sai an buga riga da hula an roƙe shi ba. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu, amin.